Ita Ma Taya Tana Da Ranar Haihuwa

Duk wanda Allah ya sa ya yi ɗan karatun boko, kuma yake zaune a birni, yana riƙe da wani muƙami da ba a ba shi takardar kama aiki a kansa ba, ba a kuma biyansa albashi. Shi ne ɗan aiken dangi. Shi zai je banki a gyara wa gwaggo lambar asusunta, shi zai bi layi a gyara ranar haihuwar ƙanensa a katin ɗan ƙasa, shi zai sayi maganin hawan jini ya kai tasha a ba direban garinsu, sannan a hanyar komawa gida ya tsaya ya sayi katin wuta da cefanen dare. Asabar ɗin ma'aikaci a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ba ranar hutu ba ce, ranar sauke aike ce. Yawancin waɗannan hidindimu ƙafa suke ci da haƙuri, ba sa bukatar wani dogon tunani. In ka sayo tumatir da ya ɗan yi laushi, iyakarta uwargida ta yi tsaki ta zuba a miya.

Amma akwai aiken da in ya faɗo cikin wannan jeri, ya kamata mutum ya ware shi gefe, ya ba shi yini guda shi kaɗai. Cikinsu akwai sayen tayar babbar mota. Mai karatu zai ce ina ruwan malamin makaranta ko ɗalibin jami'a da tayar tirela? Ruwansa ya yi tsaki kuwa. Da wuya ka sami zuriya a Arewa da ba ta da direba ko yaron mota ko mai hannun jari a wata gingimari. Wanda ma ba shi da kowa a harkar, ai yana bin hanyar Zariya, yana wuce tireloli a Tafa da Mararrabar Jos, kuma tazarar da ke tsakanin motar da yake ciki da tayar da ke ɗauke da tan huɗu ba ta wuce taku biyu ba. Waɗannan baƙaƙen filayen roba da muke gani yashe a kan kwalta kamar saɓar maciji, kowanne ɗaya labarin wata taya ce da ta gaza a tsakiyar tafiya.

Irin wannan aike ya same ni a watan jiya. Wani kawuna da ke da mota ɗaya tilo, mai jigilar hatsi daga Dawanau zuwa kudu, ya kira ni da sassafe. Ya ce, "Ɗana, ka shiga kasuwa ka samo mini taya huɗu na bodi. Ka duba masu ƙwari, amma ka tausaya wa aljihuna." Na ce, "To, Kawu, wace lamba?" Ya ce, "Kai dai ka ce ta tirela, sun sani." A nan gizo yake saƙar. Babu wata aba guda da ake kira tayar tirela. Sai da na sa yaron motar ya ɗauko mini hoton gefen tsohuwar tayar da waya, sannan na fita.

Gefen taya takarda ce, sai dai mun saba wuce ta ba mu karanta ba. Ɗauki wadda ta fi yawa a manyan motocinmu a yau, mai rubutun 315/80R22.5. Lambar farko faɗin tayar ne, milimita 315. Ta biyu tana nufin tsayin gefenta kashi 80 cikin ɗari ne na wannan faɗi. Harafin R yana nuna irin saƙar wayoyin cikinta, wato radiyal, fasahar da kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946. Lambar ƙarshe kuwa girman rim ne da inci. Akwai tsohuwar 12.00R20 mai tiyub, wadda har yanzu masu tifa da masu shiga ƙauye suke so saboda kowane mai faci ya iya ta. Akwai kuma mai faɗin nan 385/65R22.5 da ake sa wa ita kaɗai a kowane gefe na bodi maimakon tagwaye. Rim ɗin wannan ba ya karɓar waccan, kuma wanda ya sayo ba daidai ba sai ya sake ɗaukar ɗan sahu ya mayar, in ma an yarda an karɓa.

Abin da ya fi muhimmanci yana gaba kaɗan, inda za ka ga an rubuta wani abu kamar 156/150L. Mutane da yawa suna ɗauka lambar kamfani ce kawai. Alhali kuwa nan ne tayar take faɗa maka da bakinta iyakar abin da za ta iya. Lamba 156 tana nufin kilo 4,000 in ita kaɗai ce a gefe, 150 kuma kilo 3,350 in an haɗa ta tagwaye, domin tagwaye ba sa raba kaya daidai, kuma suna dumama juna. Harafin L yana nufin kada a wuce gudun kilomita 120 a awa. Duk wannan alkawari kuma da sharaɗi aka yi shi: sai in tayar tana da lafiya, kuma an cika mata iskar da aka rubuta a jikinta, wadda a irin waɗannan tayoyi takan kai 120 zuwa 130 a ma'aunin da masu faci suke amfani da shi. Mota ƙarama 30 da ɗoriya take sha. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin ƙarfin da ke ɗaure a cikin tayar gingimari.

To, bari mu yi ɗan lissafi irin na 'yan firamare. Mota mai taya 18, biyu a gaba, goma sha shida tagwaye. Na gaba za su ɗauki kilo 8,000, sauran kilo 53,600, jimla tan 61 da ɗan kai, in duk sababbi ne dal, kuma kaya ya zauna daidai a kan kowace, abin da ba ya faruwa. Kan mota da bodinta babu komai a ciki sun kai tan 15 ko fiye. In aka loda mata buhu 300 na masara mai kilo ɗari-ɗari, tan 30 ke nan, kowa lafiya. In aka ce ai gas ya yi tsada, a ƙara a kai buhu 600, an kai tan 75 ke nan a kan tayoyin da ƙarshen ƙarfinsu 61. Babu kamfanin da ya taɓa ƙera tayar da za ta warware wannan lissafi. Saboda haka idan mai mota ya ce a samo masa taya mai ƙwari, sau da yawa abin da yake nufi shi ne a samo masa wadda za ta jure zalunci ba ta yi ƙara ba.

A kasuwa kuwa wani yare ake yi dabam. Mai shago na farko da na shiga ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini kujera. "Ranka ya daɗe, wannan filai ashirin ce, ko dutse ka ɗora mata sai dai dutsen ya gaji." Ana rubuta 18PR ko 20PR a jikin taya, masu saye kuma suna zaton shimfiɗa ashirin ce aka jera a ciki. A zamanin da ake saƙa cikin taya da zaren auduga haka abin yake, ana ƙirga shimfiɗun ɗaya bayan ɗaya. A yau tayar radiyal ta babbar mota shimfiɗa guda ce ta wayar ƙarfe take riƙe da gangar jikinta, sai wasu 'yan ɗamaru a ƙarƙashin zanen. Lambar filai ta zama kwatance kawai, kamar yadda muke auna ƙarfin inji da doki alhali babu doki a ciki. Wanda yake son gaskiyar magana ya koma kan waccan lamba ta nauyi.

Sai maganar shekaru, wadda ita ce ta fi ɗaukar mini lokaci. Roba tana tsufa ko ana amfani da ita ko tana ajiye. Rana da zafi da iska suna busar da ita, ta yi tauri, ta soma tsattsagewa a gefe da cikin kwarin zanen, kamar dugadugan da hunturu ya kama. Kowace taya ta ƙwarai tana da ranar haihuwarta a jiki. A ƙarshen wani layi na haruffa da ya fara da DOT akwai lamba huɗu, galibi a cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. In lamba uku ka gani, to tun kafin shekarar 2000 aka yi ta, ta girmi yawancin ɗaliban da ke jami'a yanzu. Sau da yawa gefe ɗaya kaɗai ake buga cikakkiyar lambar, don haka sai ka sa an juya maka tayar. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana wa'azin cewa shekara huɗu ce wa'adin taya daga ranar ƙera ta. Manyan kamfanonin taya sun fi sassauci, sukan ce a riƙa kai ta ga masani yana dubawa bayan shekara biyar, kada kuma a wuce goma. Ni a ganina, a ƙasar da kwalta ke ƙona tafin ƙafa a watan Afrilu, kuma lodi ya wuce kima, tsaurin hukumar ya fi kusa da halin da muke ciki.

Da na nemi a juya mini wata taya da aka ce sabuwa ce fil, sai na tarar an goge wurin lambar sumul. Na tambaya, yaron shagon ya ce, "Yallaɓai, gogewar kwantena ce." Kwantenar da ta bar duk sauran rubutun ta zaɓi lamba huɗu kacal ta goge, lallai ta yi makaranta. Na yi musu sallama.

Ba a nan kaɗai dabarar take ba. Akwai masu cusa taya cikin taya, uku ko huɗu a wuri ɗaya, don kwantena ta ɗauki da yawa a biya kuɗin jirgi da na kwastan kaɗan. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama irin waɗannan ta nuna wa 'yan jarida. Tayar da aka lanƙwasa aka danna cikin 'yar'uwarta, aka kuma zaro ta da ƙarfin tsiya, wayar bakinta ta riga ta karye ko ta gurɗe, ko da kuwa ba ta taɓa taka ƙasa ba. Akwai kuma masu sake yanka zane a jikin tayar da ta suɗe, su shafa mata baƙin mai ta yi ta ƙyalli. A nan ya kamata a yi adalci: wasu tayoyin manyan motoci an ƙera su da ƙarin kaurin roba musamman don a sake yanka su sau ɗaya, kuma ana rubuta hakan a gefensu. Amma wannan aiki ne na mai na'ura da ya san zurfin da zai tsaya. Wanda ya zauna a gindin bishiya ya yi ta sassaƙa har wayar ta leƙo, ya buɗe wa ruwa da tsatsa ƙofa ne kawai.

Me ya kai mu ga wannan hali? Masu shekaru za su tuna lokacin da ake ƙera taya a ƙasar nan. Michelin yana da masana'anta a Fatakwal, Dunlop yana da tasa a Ikeja. Na farko ya rufe a 2007, na biyu ya daina ƙira a 2008, dukansu suna kuka da tsadar wutar lantarki da kuma rage harajin shigo da taya daga waje, wanda ya sa ta gida ta kasa gogayya. Itacen roba bai daina tsirowa a Edo da Delta da Kuros Riba ba, cibiyar binciken roba ta ƙasa ma tana nan a Iyanomo kusa da Benin. Sai dai mu fitar da ɗanyen ƙaro, a sarrafa shi a Sin ko Indiya ko Tailan, a dawo mana da shi muna biya da dala. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, kuɗin sabuwar tayar tirela guda ɗaya ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau da yawa. Ka ninka wannan sau 18 ko 22, ka ga dalilin da ya sa mai mota ɗaya yake karkata wajen 'yar Beljiyam. Ba jahilci ne yake kai shi ba, lissafin aljihu ne, kuma duk mai yi masa wa'azi ba tare da ya dubi wannan ba, ɓata bakinsa yake yi.

Wani abin da mutane kaɗan suka lura da shi: jerin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su ya haɗa da tsofaffin tayoyi, amma an toge na manyan motoci, daga girman 11.00 x 20 zuwa sama, waɗanda za a shigo da su domin a sake musu sabon zane a masana'anta. Hikimar a fili take. Gangar jikin tayar babbar mota ta fi zanenta tsawon rai, kuma a Turai da Amurka sana'a ce babba a duba gangar da na'ura, a kankare tsohon zanen, a gasa mata sabo. Hatta jiragen sama da irin waɗannan tayoyi suke sauka. Mu kuwa kafar da aka bari don masana'anta ita ce ta zama hanyar da tsohuwar taya take bi daga tashar jirgin ruwa kai tsaye zuwa ƙarƙashin mota, babu wanda ya leƙa cikinta. Da za a sami masu jari su kafa irin wannan masana'anta ta gaskiya a Kano, inda motocin suke, da an sama wa mai ƙaramin ƙarfi mataki na tsakiya, tsakanin sabuwar da ta fi ƙarfinsa da gwanjon da zai iya kashe shi.

Ko an sami taya mai kyau, saura sanin inda za ta zauna. Tayar gaba, wadda sitiyari ke juyawa, zanenta dogaye ne masu bin tsawonta, kuma nan ne wurin da bai kamata a yi rowa ba ko kaɗan, domin in ta baya ta fashe akwai 'yar'uwarta a gefe, in ta gaba ta fashe sai abin da Allah ya yi. Tayoyin da inji ke turawa masu manyan haƙora ne don su kama ƙasa. Na bodi kuwa ba sa ja, ba sa juyawa, ɗaukar kaya ne aikinsu, amma su suka fi shan gurza a kwana, musamman a bodi mai layi uku, inda na gaba da na baya suke jan ƙasa a kaikaice duk lokacin da motar ta karya. Shi ya sa ake son masu ƙaƙƙarfar kafaɗa. Tagwaye kuma dole su zama tsara. In ɗaya ta fi ɗaya tsayi da abin da ya wuce milimita shida, doguwar ce za ta ɗauke kayan ta yi zafi, gajerar kuma ta riƙa gogar kwalta tana cinyewa a banza. Mai haɗa sabuwa da tsohuwa a gefe guda don ya yi tattali, tayoyi biyu yake kashewa a lokaci ɗaya.

Daga ƙarshe abin da na yi wa Kawu shi ne na sayi biyu sababbi 'yan Sin, masu lambar bara, daga dilan da ya yarda ya rubuta mini lambar kowace taya a jikin rasidi, na kuma ba shi shawara ya haɗa su gefe guda, ya jinkirta sauran biyun zuwa dawowar motar. Ya yi ɗan gunaguni, ya ce, "Ku 'yan boko komai sai kun karanta," sannan ya sa mini albarka.

Akwai wani mutum da ba a cika ambatonsa a wannan harka ba, alhali rayuka da yawa suna hannunsa, wato mai faci na bakin hanya. Yawancin fashewar taya daga ƙarancin iska take farawa. Tayar da ba ta cika ba tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana raba roba da waya, har wata rana zanen ya ɓare gaba ɗaya. Yaron mota yakan zagaya da ƙarfe yana bubbuga tayoyi yana sauraren amo. Wannan yana gano wadda ta sace sarai, amma kunne ba ya bambanta 120 da 95. Ta ciki a cikin tagwaye ita ce marainiya, don kai wa ga bakin iskarta sai an durƙusa. Wata al'adar kuma ita ce rage iska da tsakar rana wai don kada taya ta fashe saboda zafi. Ƙaruwar iska a tayar da ta yi tafiya abu ne da maƙeranta suka riga suka yi lissafinsa; wanda ya rage mata a lokacin, da ta huce zai tarar ta yi ƙasa, gobe kuma ta fi yin zafi. Da safe ake awo, kafin mota ta motsa. Shi kansa mai facin yana cikin haɗari, musamman a kan rim mai zobe na tayoyi masu tiyub. In zoben bai zauna daidai ba ya ƙwace lokacin da ake ba da iska, yana iya raba mutum da ransa nan take. A ƙasashen da aka ɗauki abin da muhimmanci, cikin kejin ƙarfe ake hura irin wannan taya. A nan za ka ga yaro ɗan shekara sha biyar zaune a kanta yana riƙe da tiyo. Keji ba abin da maƙeran Ƙofar Ruwa ko Panteka za su kasa haɗawa a yini ɗaya ba ne, kuma ƙungiyoyin masu faci da na direbobi suna da ikon wajabta shi a kowace tasha ba sai sun jira gwamnati ba.

Abin da ke cin taya shi ne dai yake cin hanya. Wani babban gwaji da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa ɓarnar da nauyi yake yi wa kwalta ba a hankali take ƙaruwa ba: in ka ninka nauyin da ke kan layin taya sau biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. A kan irin wannan ilimi ne ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, ciki har da Nijar, suka kafa dokar awon nauyin manyan motoci a 2005, ECOWAS kuma ta bi sahu a 2012 da iyakar tan 11.5 a kan layin taya guda. Doka tana nan a takarda. Amma tare mota a tsakiyar dajin Lokoja a ce ta yi nauyi, bayan ta riga ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, ba ya haifar da komai sai ciniki tsakanin direba da mai kaki, don babu inda za a sauke buhu 200 a ajiye. Wurin awo shi ne inda ake lodi: ƙofar Dawanau, kasuwannin shanu irin su Potiskum da Maigatari, masana'antun siminti, da tashoshin jiragen ruwa na Legas. A nan ne mai kaya da ɗan kamasho suke tsaye, su ne kuma suke yanke yawan buhun da za a ɗora, ba direban da za a bai wa takardar tara ba. In sikeli ya nuna an wuce, a sauke rarar a gaban mai ita, a kira wata motar ta ɗauka.